Oditan ISO zai zo kamfaninmu, ya ake tantance shi kafin ya iso?

Mai_Riɗi:
Salam yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Muna da ƙaramin kamfani a Sharaɗa muna gyaran riɗi da zoɓo ana fita da su waje, to wani kwastomanmu ya ce sai mun kawo satifiket ɗin ISO 9001, wato shaidar tsarin kula da ingancin aiki, kafin ya sabunta kwangila. Wanda ya taya mu rubuta takardun tsarin aiki ya ce yana da mutum da zai zo ya yi mana odit ɗin, wato binciken tsarin aikinmu kafin a ba da satifiket, cikin kwana ɗaya a arha, har ma wai shi zai iya raka shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh. Me ake dubawa a wajen odita kafin a bar shi ya shigo?

DanBompai:
Alhaji tsaya tukuna kar ka biya ko sisi. ISO, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya, da kanta bata ba kowa satifiket, ƙa'idar kawai take rubutawa, kamfanonin tantancewa ne ke bayarwa kuma su ma sai wata hukuma ta amince da su, irin su UKAS ta Ingila ko NiNAS tamu ta nan. To fara tambayarsa wane kamfani ne ya turo shi, wa ya amince da kamfanin, sannan ka shiga IAF CertSearch, shafin intanet da ake duba sahihancin satifiket da kamfanonin da ke bayarwa, ka duba da idonka. Kuma maganar kwana ɗaya ɗin nan ban yarda da ita ba sbd odit na farko mataki biyu ne, na ɗaya su duba takardu su ga ko kun shirya, na biyu su shigo cikin masana'anta su ga aikin yana tafiya, kuma yawan kwanakin da yawan ma'aikatanku ake lissafa shi ba da ciniki ba.

Hajiya_QA:
Abin da mutane basu sani ba, ƙa'idar ISO/IEC 17021-1 da kamfanonin tantancewa ke bi ta baku dama, dole kamfanin ya turo muku sunan duk wanda zai zo, in kun nemi bayanin ƙwarewarsa su bayar, in kuna da hujja ku ce a canza shi. Ku tambaya ya taɓa odit a harkar abinci? Dan wanda ya saba da kamfanin roba ko siminti zai zo ya yi ta bin fayil, ba zai ma tambaye ku danshin riɗi ko yadda kuke hana ƙwari shiga sito ba. Ku duba kuma ko yana yi wa masu irin sana'arku aiki a gefe, tunda zai ga sunayen dillalanku da kwastomominku, a sa hannu a takardar riƙe sirri. Shi kuma wanda ya rubuta muku tsarin ba zai shiga cikin masu odit ba sai an yi shekara 2, ko ya zauna a wurin ma ku ne za ku amsa tambayoyi ba shi ba.

Injiniya_Sabo:
Duk gaskiya ne amma kar a wuce gona da iri, wasu da sunan tantancewa suke neman mai sauƙin kai wanda zai sha lemo ya sa hannu. Satifiket ɗin shekara 3 yake yi kuma duk shekara sai sun dawo dubawa, abin da aka ɓoye bana baɗi zai fito. Ni da zan baka shawara ka tura wa kwastoman imel ka tambaye shi wanne yake karɓa, na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ya ishe shi ko sai na kamfanonin tantancewa na waje irin su SGS da Bureau Veritas.

Mai_Riɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na kira mutumin na ce ya turo sunan kamfanin da hukumar da ta amince da su, ya ce wai zai kira ni bayan la'asar.