Mustang, 86, C63 ko Cayman: wanda ya taɓa tuƙawa ya faɗa mana yadda suke a kwana

Ɗan Kubwa

Assalamu alaikum jama'a. Dillali ya turo min motoci biyu, duka daga Amurka: Mustang GT ta 2013 mai fulogi takwas, da Scion FR-S ta 2015, wato Toyota 86 da aka sauya wa suna don kasuwar can. A takarda babu gasa, ƙarfin inji doki 420 ne da doki 200. Amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in bari sai na tuƙa tukuna. Don Allah wanda ya taɓa riƙe sitiyarin irin waɗannan motoci, ko makamantansu, ya faɗa min abin da motar ta yi masa da ya shiga kwana da ɗan gudu. Lambobi ina da su, kada a kwaso min daga intanet.

Mai V8 na Gwarinpa

Wa alaikumus salam. Na riƙe GT ta 2014, jikinsu ɗaya da wadda aka turo maka. A miƙaƙƙen titi, irin hanyar filin jirgi da sassafe, ba ni da abin cewa sai alheri. Kana taka totur kujera za ta karɓe ka, ga ƙugin inji da kake ji har a ƙirji. A kwana ne halinta yake fitowa.

Tayoyinta na baya a kan ƙarfe ɗaya suke, bakaksil guda kamar na a-kori-kura. Idan kwalta sumul take, ba za ka san da haka ba. Amma kana tsakiyar kwana tayar hagu ta taka haɗin gada ko wani faci, ta dama ma sai ta ji, bayan motar ya ɗan yi tsalle gefe. Ba wani tsalle mai yawa ba ne, bai fi taki guda ba, amma a cikin mota za ka ji shi a ƙugunka. Lanƙwasar da ake sauka daga gadar sama ita ce inda na fi jin wannan. Daga 2015 ne Ford ta raba tayoyin bayan, kowace da nata ƙafafun. Na tuƙa ta 2016 ta wani abokina a kwanar da na saba bi kullum, ta taka facin nan ta wuce kamar babu shi.

Sai nauyi. Ta haura kilo 1,600, kuma injin yana kan hanci. Ita so take ka gama birkinka tun kafin kwana, ka shiga a natse, ka jira sitiyari ya fara miƙewa sannan ka ba ta wuta. Idan ka ba ta tun sitiyari yana karkace, baya zai nemi ya riga gaba.

Na Bukuru

Ni 86 gare ni, manuwal, kuma Hawan Kibo hanyata ce in zan sauka Abuja. Bari in fara da abin da zai ba ka haushi, ɗan'uwa: a fitilar hanya Camry Muscle mai fulogi shida za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kai, mai ita yana waya. Akwai kuma wani gurbi a tsakiyar juyin inji, wajen 4,000, da za ka ji ƙarfin ya ɗan lafa kafin ya dawo. In ba ka son sauya giya, wannan ba motarka ba ce.

To amma hawan nan. Nauyinta wajen kilo 1,250 ne, injin kuma kwance yake can ƙasa, irin na Subaru, kai ma a ƙasa kake zaune. Kana karkata sitiyari hancin ya riga ya tafi, babu wannan ɗan jinkirin da babbar mota take yi kafin ta yarda. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye komai. Idan tayar gaba ta fara gajiya sitiyari zai yi sauƙi a hannunka, idan ta baya ce za ka ji a kujera, kuma tun da wuri, ba sai abu ya lalace ba. Da gangan aka sa mata siraran tayoyi, 215, don ta riƙa motsi a ƙaramin gudu. Ni a gudun kilomita 70 zuwa 80 nake jin daɗinta, tsakanin tireloli ma ba wurin wuce haka. Mai doki 420 kafin ya ji abin da nake ji sai malejinsa ya kai inda in an samu kuskure sai dai a yi salati.

Mai V8 na Gwarinpa

Malam Na Bukuru, kwana nawa ne tsakanin Kubwa da Central Area? Mutumin nan a ekspres zai rayu.

Na Bukuru

Ekspres ɗin da rabinsa go-silo ne, Alhaji.

Baƙuwar Koblenz

Sannunku da muhawara. Ni ina Jamus, kuma Nürburgring, hanyar tseren motoci, ba ta da nisa da mu, a tsaunukan Eifel take. Akwai lokutan da ake buɗe tsohuwar da'irar, mai tsawon kilomita 20.8, kowa ya biya ya shiga da motarsa, bisa dokar titi: ta hagu kawai ake wuce mutum. Maigidana yana da Porsche Cayman S ta 2013, kuma wani abokin aikinsa ya taɓa ba mu Porsche 911 ɗinsa muka gwada, don haka zan iya kwatanta waɗannan biyun.

Cayman injinta a tsakiya yake, daidai bayan kujera. Saboda haka idan ta juya, ji za ka yi a kanka take juyawa, gaba da baya suna tafiya tare. Dokinta 325 ne, ƙasa da na Mustang ɗin nan sosai, amma ban taɓa jin ta gaza ba, don gudun da ka shigo da shi kwana shi kake fita da shi. Ita kuwa 911 injinta yana can bayan tayoyin baya. Hancinta ba nauyi, sai ka danna shi da birki kafin ya kama kwalta da kyau. Wajen fita kwana kuma babu kamarta, nauyin nan yana danne tayoyin baya, kana takawa take tafiya ba tare da ta zame ba. Abin da mai motar ya yi ta nanata mana kafin ya miƙa makulli shi ne kada a ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana.

Wani abin dariya a wurin: akwai masu ba da hayar ƙananan motoci a ƙauyen, irin su Suzuki Swift. Za ka ga wanda ya san hanyar a cikin Swift ya manne wa baƙo mai babbar mota a baya, har sai baƙon ya sa sigina ya kauce. A miƙe baƙon ya sake wuce shi, kwana uku a gaba ga Swift ta dawo madubi.

Bakaniken Panteka

Hajiya ta kawo magana mai kyau, amma can kwaltarsu daban. Ni a nan Kaduna nake ganin motocin nan bayan abin ya riga ya faru, an jawo su da rim a lanƙwashe, ƙafar baya ta karkace. Mafi yawa idan na duƙa na duba, ba inji ba ne, ba kuma irin motar ba ne. Taya ce.

Oga Ɗan Kubwa, ranar da za ka je dubawa ka tafi da tocila. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe ta yi tauri. Ka duba kuma ko akwai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta. Wannan tayar sanyi ce, motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sukan zo da ita, a zafinmu laushi take yi, mota ta riƙa lilo a kwana. Na ga mota mai doki sama da 400 da tayoyi kala uku a ƙafafu huɗu. Wanda ya tuƙa wannan ya ce maka motar ba ta da riƙo, ba motar ya gwada ba.

Na biyu, yawancinsu daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su. A ɗaga ta a duba ƙasa, a kai ta alaimen. Idan shasi ya taɓu, za ta shiga kwanar dama daban, ta hagu daban.

Na uku ruwan farko. Wata biyar ko shida ƙura da baƙin mai suna taruwa a kwalta, yayyafin farko ya jiƙa su. A makon nan ne aikinmu yake yawa. Maɓallin nan na na'urar hana mota zamewa, mai hoton mota da layuka biyu a ƙarƙashinta, wanda samari suke kashewa don su yi wasa, a bar shi a kunne.

Ɗan Nasarawa GRA

Ina da Marsandi C63 ta 2010. A jikinta an rubuta 6.3, injin kuwa lita 6.2 ne, ba turbo, doki 451. Bambancinta da Mustang ɗin Alhaji shi ne ƙofa huɗu gare ta kuma sitiyarinta ya fi faɗin gaskiya, hancin yana shiga inda ka nuna masa. Amma bayanta ba ya jiran a roƙe shi. A shataletale, giya ta biyu, ɗan ƙarin ƙafa kaɗan fitilar nan mai ruwan ɗorawa za ta fara ƙiftawa, kwamfutar tana rage wuta. Tayoyin baya kuwa ina sauya su sau biyu kafin in taɓa na gaba. Masu wasan mota a biki sun sha roƙona in ba su aro, ban taɓa bayarwa ba. A cikin Kano abin da ya fi damuna ma ba kwana ba ne, tudun rage gudu ne, sai na hau shi a karkace. Ka auna wanda ke layinku kafin ka biya kuɗi, don duka biyun da aka turo maka a ƙasa suke, musamman FR-S.

Na Al Ain

A nan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa muna da hanyar dutsen Jebel Hafeet, kusan kilomita 12 ana hawa ana lanƙwasa, kwalta kamar an goge. Na hau ta da Nissan GT-R ta wani maƙwabcina, na kuma hau da ƙaramar Mazda MX-5 ta haya. GT-R ƙafa huɗu take ja, ta haura kilo 1,700, kuma tana cin kwana da gudun da hankali bai yarda da shi ba, sai dai rabin aikin ita take yi, kai kana riƙe da sitiyari ne kawai. A saukowa nauyin ya nuna kansa, muna tsayawa ƙasa ƙaurin birki ya cika wurin. MX-5 ba ta kai rabin ƙarfinta ba, amma da na sauko sai na juya na sake hawa.

Uban Tagwaye

Ba wanda ya ambaci Golf GTI. Gaba take ja, in ka yi mata yawa a kwana hancin ne zai buɗe, ka sassauta ƙafa ta dawo layi. Ga but, ga wurin yara.

Mai V8 na Gwarinpa

Golf ba ta cikin tambayar, Malam. Ɗan Kubwa, in dai Mustang ranka yake so, ka ce wa dillalin ya nemo ta 2015 zuwa sama, ko da za ka ƙara kuɗi ka jira wani jirgin. In kuma tsakanin biyun nan ne dole, tambaye shi FR-S ɗin manuwal ce ko otomatik, sannan ya turo hoton gefen tayoyin duka huɗu mu gani a nan.