Neman shawara: ƙarƙashin Hilux ɗina ya fara tsatsa, in fesa baƙin mai ko in yi fenti?

Mai Hilux, Kinkinau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min. Ina da Hilux tsohuwar yayi mai shan gas, da ita nake zuwa gona wajen Kujama, in kai taki in kai 'yan aiki, da kaka kuma in kwaso masara, to kun san yadda hanyar gona take in damina ta kankama, jar laka ce zalla ga tsallaka rafi. Na kai ta a duba min birki sai yaron garejin yace oga zo ka leƙa ƙasa, wallahi shasin ta, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, wajen da sifirin na baya ya kama duk yayi ja, wani wurin in ka sa farce har ɓarewa yake. Daga sama kuwa motar ƙal take don ba na wasa da wanki. Yaran wajen wanki sunce in bari su fesa min baƙin mai haɗe da gas, wani fanel bita kuma yace a'a a shafe ƙasan gaba ɗaya da baƙin fentin nan mai kwalta. Wanne zan bi? Kuma sau nawa ya kamata a riƙa wanke ƙasan?

Tsohon direba, Kawo:
Wa alaikumus salam. Yaro fesa baƙin mai kawai ka huta. Mu tun zamanin fijo 504 a-kori-kura da ake haɗawa nan Kakuri shi muke fesawa, duk juyen mai mu tara a galan, kuma har muka rabu da motocin nan shasinsu bai huje ba.

Bakanike, Panteka:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarku akwai gaskiya a ciki, mai yana hana ruwa zama a jikin ƙarfe, wannan ba musu. Amma ƙasan fijo ba irin ƙasan Hilux bane, wannan ga wayoyi ga roba ko'ina, bushin, tiyon birki, robar shaf ta gaba in mai fowil ce, kuma baƙin mai da gas suna kumbura roba su lalata ta. Yaran wanki kuwa ba ruwansu, feshi suke ta ko'ina, in ya taɓa faifan birki ka taka motar ta ƙi tsayawa a Kasuwar Barci sai dai Allah ya kiyaye.

Alhaji mai Hilux, duk shawara biyun da aka baka sun tsallake asalin matsalar. Ba ruwan sama ke cin shasi ba, ruwa in ya taɓa ƙarfe rana ta fito ya bushe. Laka ce. Shasin Hilux rufaffe ne kamar bututu mai kusurwa huɗu, yana da ƙananan huduji da aka yi don ruwa ya riƙa fita, jar lakar nan tana shiga ta kwanta ciki ta toshe hudojin, sai ta riƙe danshi sati da sati, kai kana ganin waje a bushe cikin kuwa jiƙe yake, shi yasa galibi daga ciki tsatsar ke cinyowa ta fito waje. Duk motar gona da aka kawo mana waldar shasi in muka yanka sai munga ƙasa danƙare a ciki.

Saboda haka kafin a yi maganar feshi a fara wanki na gaske. Ka nemi wajen wanki mai rami ko mai tudun hawa, ba na bakin titi da bokiti ba. A sauke safaya don samanta laka ke taruwa, a zura tiyo cikin hudojin shasin ayi ta zuba ruwa har sai wanda ke fitowa ya daina ja, a bi tsakanin ganyen sifirin, saman tankin mai, bayan madigadi, da ƙarafan da suka gitta tsakanin shasin. Hudar da ta toshe a zokale ta da waya. Sannan a ɗan zaga da motar a ajiye ta a rana ta bushe sosai.

In ta bushe ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen kunnen sifirin da inda shokozoba ya kama. Inda yayi ƙara tsaf tsatsar sama ce, a goge da burushin waya har ƙarfe ya fito, a shafa maganin tsatsa irin wanda ke mayar da ita baƙa, in ya bushe a bi da jan fentin nan na ƙarfe da masu ƙofa ke amfani dashi sannan baƙi a sama. Inda kuwa yayi bif ko gudumar ta lotsa shi to wannan ya wuce fenti, sai an yanke an sa faranti an yi walda, kuma kar ka ƙara lafta mata kaya sai an yi.

Fanel bita, Kakuri:
Oga bakanike ai fentin kwaltar nan ba laifinsa bane, muna shafawa yana shekaru.

Bakanike, Panteka:
A kan ƙarfe mai tsabta busasshe eh, a cikin madigadi ma yana da kyau don yana tare tsakuwa. Amma kai ma ka san yadda ake yi, a kawo mota da safe a fesa a kan tsatsa da ƙura a bawa mai ita da la'asar yana murna ƙasa yayi baƙi sumul. Kamar a ɗaure gyambo ba a wanke ba ne. In ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya fita, kuma yanzu ido ma ba zai ga ɓarnar ba.

Hajiya mai gona, Unguwar Rimi:
Malam naga kace kana ɗaukar taki, to ka duba nan ma. Takin zamani, yuriya da NPK duka, yana jan danshi kuma cin ƙarfe yake sosai, buhu ɗaya ya fashe a baya ruwa ya taɓa shi ya narke ya bi ta hudojin bodi ya zuba kan shasi da sifirin, daidai wurin da kace yayi ja. Kashin kaji ma haka. Ni direbana ya sani, tamfol ake shimfiɗawa kafin a loda, in an sauke a share a ɗauraye a ranar ba sai gobe ba. In kuma bayan motarka akwai robar nan da ake shimfiɗawa ka ɗaga ta ka gani, ruwa na kwana a ƙarƙashinta.

Mai Hilux, Kinkinau:
Hajiya wallahi kamar kina wurin, akwai robar kuma tunda na sayi motar ba a taɓa ɗaga ta ba.

Mai wankin mota, Barnawa:
Yallaɓai ni sana'ata ce, abu biyu zan ƙara. In ka taso daga tafiya kar a watsa ruwa nan take, ka bari birki da salansa su huce, faifan birki mai zafi in ruwan sanyi ya dake shi yana iya lanƙwasa. Na biyu ka tsaya a kan yaron, injin feshi yana da ƙarfi, kar ya kafa bakinsa kusa da altaneta ko mahaɗar wayoyi ko robar shaf, tura ruwa ciki yake. Omo ma in an sa a ɗauraye shi tas. Mu da damina masu motar gona muna ce musu duk ranar da aka shiga laka a ɗauraye ƙasan ko da ruwa zalla ne, babban wanki na kan rami kuma a yi shi kamar a Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma ƙarshen Oktoba in ya ɗauke. Da hunturu ƙura ce kawai, ba ta da wannan illar.

Dillalin mota, Mando:
Mai tambaya motarka 'yar gida ce ko daga waje aka shigo da ita? Don in irin Tacoma ko Tundra ne na Amurka da Kanada, can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, da tsatsarsu suke zuwa tun daga jirgi, wasu kuma an fesa musu baƙi an rufe. Ba ƙaramin abu bane, a 2016 Toyota ta amince da sasanci na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Duk mai sayen irinsu ya shiga ƙasa da tocila kafin ya biya.

Mai Hilux, Kinkinau:
'Yar gida ce ranka ya daɗe, a hannun wani kamfani na saya. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Oga bakanike cikin shasin fa, tunda burushi ba zai shiga ba me za a sa?

Tsohon direba, Kawo:
To kun gani, an dawo kan mai.

Bakanike, Panteka:
Hhhh Baba kun ci wannan. Ciki dai abu mai maiƙo ake so wanda zai bi lungu, akwai na gwangwani mai kakin zuma ko maiƙon ulun tumaki da ke zuwa da siririn tiyo, ka tambaya wajen masu fentin mota. In ba a samu ba a sa sabon mai mai kauri, ta cikin hudojin kaɗai, bayan ciki ya bushe, ba baƙin mai da gas ana watsawa ko'ina ba, kuma duk shekara ake sabuntawa. Tunda kana tsallaka rafi, in an gama wankin a buga giris a nonon farfela, wato 'yan bakin sa giris na sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, a kwance notin aksil na baya a duba man, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga a juye shi. Siraran bututun birki da ke bin jikin shasin ma a bi su da hannu, wanda yayi ƙuraje ba a fenti, canzawa ake.