Eriyar rediyon satalayit a mota: ina ne ya fi dacewa in ɗora ta?

Direban_Columbus ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda ke nan Amurka ko Kanada masu amfani da SiriusXM, wato kamfanin rediyon satalayit, a mota ina neman shawara. Ina da Toyota Sienna tsohuwar yayi wadda ba ta zo da rediyon satalayit ba, sai na sayi ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a dashbod, ya zo da wata eriya baƙa mai maganaɗisu da doguwar waya. Ni dai saboda ƙwallo da BBC na saye shi, don aikina na dogon zango ne, daga Ohio in gangara West Virginia wani lokacin har North Carolina, kuma a cikin duwatsun nan FM ɗaukewa yake, data ma haka.

To eriyar a kan dashbod na ajiye ta jikin gilas, in ina cikin gari ba laifi tana kamawa, amma da na hau babban titi sai ta fara yankewa, musamman in na juyo zan dawo gida, sai ya rubuto min wai yana neman sigina, ana tsaka da wasa kawai ka ji shiru wallahi abin da ciwo. Wani ya ce in fitar da ita waje, ni kuma ina tsoron iska ta ɗauke ta ko ƙanƙara ta ɓata ta, ga motar tana da kariya, wato sandunan ɗora kaya, a sama. Ko dai eriyar ce ba ta da kyau in sayi wata? Akwai wata tsohuwar eriyar GPS a gida kamarsu ɗaya sak, zan iya gwada ta?

Injiniya_MN ya rubuta:

Wa alaikumus salam malam. Eriyarka lafiyarta ƙalau, kar ka ɓata kuɗinka, wurin da ka sa ta ne matsalar. Kuma kai da kanka ka faɗi amsar da ka ce ta fi yankewa in za ka dawo gida.

Taurarin ɗan'adam na SiriusXM a saitin ikwaita suke, nisan kilomita kusan 36,000, suna tsaye wuri ɗaya in ka kalle su daga ƙasa, ana ajiye su wajen digiri 85 da kuma digiri 115 yamma. Ma'ana duk wanda ke Amurka, ta kudu suke masa a sama. In kana gangarawa West Virginia gaban motarka kudu yake kallo, gilashin gaba ya buɗe wa eriyar hanya, sai ta kama. In ka juyo arewa kuwa rufin motar gaba ɗaya ya shiga tsakaninta da tauraron, kuma siginar nan a mita 2.3 gigahaz take zuwa, mai rauni ce sosai kafin ta iso ƙasa, ba ta huda ƙarfe. Kamar dai ka kafa dish a gida sannan ka yi masa rumfar kwano a kai. Abin da ya sa kake samu a cikin gari kuwa, kamfanin yana da na'urorin ƙara ƙarfi a ƙasa a manyan birane, su ke maimaita shirin saboda dogayen gine-gine, siginarsu tana da ƙarfi tana shiga ko'ina, to su kake kamawa ba tauraron ba. Da ka bar gari shikenan ya rage daga kai sai sama.

Ka fitar da ita ka ɗora kan rufi, a waje. Ka samu wuri shafaffe, ka goge shi tas ya bushe kafin ka ɗora, don in akwai yashi a ƙasan maganaɗisun zai ƙarce maka fenti. Kar ka kai ta can bakin rufi, ka bar mata ƙarfe kamar inci 3 ta kowane gefe, ƙarfen da ke ƙarƙashinta yana taimaka mata wajen kamawa, ba don riƙewa kawai ba ne. Maganar kariya kuma, kar ka sa ta a ƙarƙashin sandar ko manne da ita, inuwa za ta yi mata. A Sienna ka kai ta gaba, saman gilashin gaba a tsakiya, ko can baya bayan sandar ƙarshe, in sandunan naka masu matsawa ne ka ture su su yi nesa da ita.

Ta GPS kuma ka manta da ita, 1575 megahaz take aiki, ba layinsu ɗaya ba, ko da bakin wayar ya shiga ba abin da za ka ji.

DanZongo_Bronx ya rubuta:

Injiniya ya gama magana, ni dai zan ƙara a kan waya don nan ne mutane ke kashe eriyarsu. Na yi shekaru ina tasi a nan New York, yawancin waɗanda na ga sun ce eriya ta mutu, waya ce ƙofa ta datse. Wayar nan siririya ce kuma ba sigina kaɗai take ɗauka ba, akwai ɗan amfilifaya a cikin kan eriyar, wutarsa daga rediyon take zuwa ta cikin wannan wayar, in ta tsinke a ciki ko ba ka gani a waje komai ya tsaya.

Yadda nake yi, in na ɗora ta saman gilashin gaba sai in tura wayar ƙarƙashin robar da ta zagaye gilas da tsohon katin banki, ban da sukundireba don zai yaga robar ko ita wayar, in bi da ita har kwana, sannan in ɗaga robar bakin ƙofa in shigar da ita ciki in mayar da robar, ta gangaro ƙasa ta bi ƙarƙashin kafet zuwa dashbod. Kar ka bari ta ratsa ta gaban eyabag ɗin da ke cikin ginshiƙin gefen gilas, kuma kar ta zo kusa da birki ko totur. Tsawonta ya kai ƙafa 20 da wani abu, za ta yi maka saura da yawa, ka naɗe sauran a sake, da'ira mai faɗi, ka ɗaure ka tura ƙarƙashin kujera. Kar ka lanƙwasa ta ƙwarai, kar kuma ka ce za ka yanke ka haɗa da salatif irin na rewaya, ba irin wannan wayar ba ce.

Iska kam ba za ta ɗauke ta ba, gwada ɓamɓare ta da hannu ka ji ƙarfin maganaɗisun. Wurin wankin mota mai burushi ne kawai nake cire tawa, in kuma kana kankare ƙanƙara da safe ka bi a hankali wajen wayar, ka share wadda ta taru a kanta, in ta yi tudu kuma jiƙaƙƙiya ce tana rage sigina.

Ga wata dabara ta gane inda ciwon yake: in allon ya ce bai ga eriya ba, waya ce ko soket ɗin ya saki. In ya ce yana neman sigina, eriyar na da rai, sama ce ba ta gani. A menu akwai wurin da ke nuna layukan tauraro daban na ƙasa daban, ka fita fili wajen gari ka duba na tauraron kafin ka ɓoye waya, kar ka gama wahala sannan ka ga wurin bai yi ba.

Mai_Tirela ya rubuta:

Ni gaskiya ban yarda dole sai waje ba. Akwai abokin aikina da tasa ke kan allon bayan kujerar baya a Camry ɗinsa, ƙarƙashin gilashin baya, kuma yana ji lafiya lau a Texas. Ba kowa ke son waya tana leƙowa a jikin mota ba.

Amma wani abu da ba a faɗa ba, ba kowace mota maganaɗisu ke kamawa ba. Ford F-150 daga 2015 jikinta alminiyam ne, za ka ɗora ta zame. Mu ma tireloli yawanci rufin faiba ne ko alminiyam, shi ya sa muke sayen wadda ake ɗaurewa a ƙarfen madubi mai dogon wuya ta leƙa saman kai. Kai taka Sienna ƙarfe ce ba ka da wannan damuwar, na faɗa ne saboda masu karantawa.

Sannan kar ka sa rai da yawa a hanyar da kake bi ɗin nan. I-77 na san ta, akwai ramuka biyu da aka huda ƙarƙashin dutse wajen iyakar Virginia, in ka shiga dole ta ɗauke ko eriyar zinare ka sa. Gada in kana gudu ba za ka ji komai ba don rediyon yana da ɗan tanadin daƙiƙoƙi kaɗan, amma in go-slow ya tsayar da kai a ƙarƙashinta shiru za ka ji. Haka in dutse ko dogayen itatuwa suna ta kudunka dab da titi, ko ni na jero da tirela kusa da kai na tsare maka, sai haƙuri.

Injiniya_MN ya rubuta:

Oga Mai_Tirela, Texas daban Ohio daban. Duk yadda ka yi kudu tauraron yana ƙara hawa saman kanka, in ka yi arewa yana sauka ƙasa-ƙasa, mu nan Minnesota mun fi kowa sani. Kuma gilashin bayan Camry a kwance yake yana kallon sama, na Sienna a tsaye yake kamar bango, ba inda za ta gani. In ma an yi wa gilashin tintet mai ƙarfe a ciki to magana ta ƙare. Abokinka sa'a ya yi, ba zan ba mai tafiyar duwatsu wannan shawarar ba.

Abban_Ilham ya rubuta:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa daga Kano. Na sayi mota 'yar Kwatano ta Amurka, akwai maɓallin SAT a rediyon da wannan ɗan ƙahon a saman rufi ta baya, in na danna ba ya kawo komai. In na biya kuɗin wata ko na ƙara babbar eriya zai yi aiki a nan?

Injiniya_MN ya rubuta:

Abban Ilham ba zai yi ba ko kaɗan, kar wani ya karɓi kuɗinka. Daga Kano taurarin nan suna can bayan doron ƙasa, ko a saman Dala ka tsaya ba za ka hango su ba, kuma dama Arewacin Amurka aka saita su suna haskawa. Mu a Afirka an taɓa yin namu, WorldSpace, wanda Noah Samara ɗan asalin Habasha ya kafa, sun harba tauraron AfriStar a 1998, manya za su tuna rediyon mai ɗan faifan eriya da ake juyawa a taga. Kamfanin ya karye a 2008. Shekarar ce ma Sirius da XM suka haɗe suka zama ɗaya a nan. Amma kar ka sa a cire ƙahon, a motoci da yawa eriyar GPS ko ta rediyon ma tana cikinsa, ga kuma rami da zai bar maka a rufi ruwa ya rinƙa shiga da damina.

Direban_Columbus ya rubuta:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na mayar da ita saman gilashin gaba, na tura sandar kariyar baya, wayar na bi yadda Dan Zongo ya ce, katin ya yi aiki sosai sai dai wajen kwanar gilas ɗin robar ta yi tauri saboda sanyi sai da na bar motar ta ɗumama. Layukan tauraro sun cika a filin ajiye motoci wajen gari, da can ɗaya ne ko babu. Na dawo ta arewa bai yanke ba sai a ramukan da Mai_Tirela ya ce.

Saura abu ɗaya, in na kusa shiga wani gari sai in ji shuuu da muryar wata tasha tana shigowa a kan tawa, alhali layukan a cike suke. Wannan kuma fa?

DanZongo_Bronx ya rubuta:

Wannan ba ruwan eriya. Ta FM kake tura sautin zuwa rediyon motar ko? Lambar da ka zaɓa babu kowa a kanta a Columbus, amma a wani garin akwai tasha a wurin, ita ke danne ka. In motar na da ramin AUX sayi 'yar gajeriyar waya ka haɗa kai tsaye ka kashe FM ɗin a menu, sautin ma ya fi fita. In babu, ko tana da kaset akwai adafta mai kamar kaset, in shi ma babu sai ka sa mai gyaran rediyo ya saka maka adaftar da ake haɗawa a bayan rediyo wurin da eriyar FM ke shiga. Wace shekara ce Siennar taka, in gaya maka wanda zai shiga?