Labarina yana maƙalewa a tsakiya, ya zan yi?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, dan Allah shawara nake nema. Ina rubuta labari ina sakawa a guruf ɗinmu na WhatsApp feji-feji, farko yana tafiya lafiya lau har ana bina da "anti a ƙaro mana", amma ina kaiwa tsakiya sai komai ya tsaya cak, in riƙe waya in rasa me zan sa jarumar ta yi, ƙarshe sai in ɓige da bayanin leshi da girki da motar da aka zo zance da ita don dai fejin ya cika. Baiwar ce babu ko akwai hanyar da ake bi?

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Baiwa kam akwai tunda har ana roƙon ki ƙaro, tsari ne babu. Kafin ki taɓa waya ki zauna da biro da takarda ki amsa wa kanki: me yarinyar nan take so, wa ya tare mata hanya, kuma a ƙarshe ta samu ko ta rasa? Wanda bai san inda labarinsa zai sauka ba dole ya yi ta kewaye a tsakiya. Daga nan ki ba kowane babi layi ɗaya, abin da ya canza a cikinsa kawai, babin da babu abin da ya canza ki soke shi ko da kina son sa.
Sannan ki gwada kanki da gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ake nema, ko ba za ki shiga ba ki riƙa rubutu a kan wannan ma'aunin, babu wurin leshi a ciki wallahi.

Hajiya, Fagge:
Malam ka yi gaskiya amma ban yarda dole sai an tsara babi-babi ba, ni ban taɓa iyawa ba, ƙarshen kawai nake riƙewa a kaina sauran kuma mutanen labarin ne suke jana. Inda nake ganin matsalar 'yata take shi ne sakin labari tun bai gama nuna ba. Mu da muka fara a shekarun 1990, lokacin su ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, a littafin makaranta muke rubutawa da hannu, sai ka gama tas ka ba ƙawaye biyu uku su karanta su faɗa maka gaskiya, sannan a kai wa mai taifin, a buga a kai wa masu sayar da littattafai a Sabon Gari, kuma da yake kuɗinka ne za ka zuba a ɗab'i ba ka yarda ka kai abin da bai kammala ba. Yanzu kuwa yarinya ta rubuta feji da Azahar ta saka da La'asar, da Magariba masu kwament sun ce a kashe kishiya, washegari ta kashe ta, to ita kishiyar nan ita ke riƙe da rikicin, ta mutu labari ya mutu.
Ki rufe guruf ki gama rubutunki ke kaɗai, ki ajiye shi sati biyu kar ki duba, sannan ki karanta shi da ƙarfi kamar masu karanta littafi a rediyo. Duk inda numfashinki ya sarƙe ko kika ji ke kanki kin gaji, nan ne wurin gyara.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni makaranci ne ba marubuci ba, amma abin da ke sa in ajiye littafi shi ne kowa a ciki bakinsa ɗaya, kaka 'yar cikin Badala da ɗalibar BUK da ɗan adaidaita duk Hausarsu iri ɗaya. Haba. Ki zauna gidan suna ko ki shigo kasuwa ki saurari yadda ake ciniki, yadda tsohuwa ke faɗa da karin magana ba tare da ta kama suna ba, ki riƙa rubutawa a waya.

Malamin Hausa, Ƙofar Nasarawa:
Na karɓi gyaran Hajiya, kowa da yadda hannunsa ya saba. Ƙari ɗaya, in kin zo gyara na ƙarshe ki kula da ƙa'idar rubutu, "yana" a haɗe, "za su" da "shi ne" a rabe, ki sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke, ki nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ki ajiye kusa.

'Yar Gwammaja:
Na gode sosai, Allah ya ƙara girma. Hajiya to wannan da na riga na fara sakawa fa, in ba su haƙuri in dakata ko in lallaɓa in ƙarasa?

Hajiya, Fagge:
Ba su haƙuri ki faɗa musu watan da za ki dawo, kuma kar ki dawo sai kin rubuta babin ƙarshe.