Sabuwar wagon mai dizal a Ingila: wanda ya taɓa riƙewa ya ba mu labari

Baban Yara, Leeds

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riƙe mota mai dizal a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, domin ina gab da zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa. Gidana yana Leeds, wurin aikina kuma yana Manchester, saboda haka mafi yawan ranakun mako ina kan babbar hanyar M62 safe da yamma, kuma idan aka haɗa da ziyarar dangi a Landan ina cin kusan mil 18,000 a shekara. Yaranmu uku, autan har yanzu a keken jarirai yake, ƙaramar motar fetur da muke ciki kuwa ta fara gajiya, but ɗinta ba ya ɗaukar akwatunanmu ranar da za mu filin jirgi.

Na gwada sabuwar Skoda Superb wagon mai injin dizal lita 2, wadda but ɗinta yake cin lita 690, kuma ta kwanta mini a rai. Abin da ya tsayar da ni shi ne duk wanda na yi wa maganar a wurin aiki sai ya ce dizal ya zama tarihi, ya kawo batun dokar hana sayar da sababbin motocin dizal da fetur daga 2030, da kuɗin shiga tsakiyar gari. Maiɗakina ma tana tuƙi. Ina kuma tunanin bayan wasu shekaru in tura motar gida. Don Allah wanda ya taɓa riƙewa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Dattijon Bradford

Wa alaikumus salam, Malam. Na fara shiga dizal ne bayan 2001, lokacin da gwamnati ta mayar da harajin mota bisa yawan iskar CO2 da take fitarwa, abin da ya sa aka yi ta kwaɗaita mana dizal har ta kai kusan rabin sababbin motocin da ake saya a ƙasar nan dizal ne. Bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙi ta kamfanin Volkswagen a 2015 ne aka juya masa baya, yanzu kuma ko kashi 10 cikin 100 na sababbin motoci bai kai ba. Gwamnati ce ta sauya ra'ayi, amma hanyar da kake bi tana nan yadda take.

Na san M62 sarai. A wajen mahaɗa ta 22 hanyar tana hawa har mita 372, wuri mafi tudu a manyan hanyoyin Ingila, kuma a nan ne ake gane bambancin injinan biyu: wagon ɗina, da iyali da kaya a ciki, tana hawa ba tare da ta sauke giya ba, ba kuma ka jin injin yana kuka. Ina cika tanki in yi sama da mil 600 kafin in sake tsayawa a gidan mai. Dokar 2030 kuwa a kan sayar da sababbi take, ba ta hana ka tuƙa wadda ka riga ka mallaka ko ka sayar da ita ga wani ba. Ranar ma an taɓa matsar da ita zuwa 2035 a 2023, sannan aka dawo da ita. Da irin tafiyarka, ni dai ban ga abin tsoro ba.

Uwargida, Coventry

Alhaji ya faɗi gaskiyar tafiyarsa, ni kuma zan faɗi tawa, domin na lura da jimla ɗaya a cikin bayanin Baban Yara wadda aka wuce ta da sauri, wato cewa maiɗakinsa tana tuƙi. Mu ma wagon mai dizal muka saya sabuwa saboda aikin maigidana mai nisa ne, dilan kuma bai tambaye mu komai game da irin tafiyarmu ba. Shekara ba ta zagayo ba aka mayar da shi aiki daga gida, motar ta koma hannuna: makarantar yara, islamiyya, kanti, gida. Duk tafiyar ba ta isa injin ya yi zafi sosai ba.

Abin da na fara lura da shi shi ne idan na kashe mota a ƙofar gida sai fankar injin ta ci gaba da gudu da ƙarfi, ga wani wari kamar na ƙonannen roba yana fitowa daga ƙarƙashinta. Daga nan wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Wata safiya ina kan hanyar kewaye gari da yara a baya, motar ta ƙi wuce wani ɗan gudu duk yadda na taka totur, manyan motoci suna ta mini hon. A gareji aka ce matatar hayaƙi ce ta toshe, an wanke ta, ta sake toshewa, kuma aka shaida mana cewa garanti ba ya ɗaukar abin da salon tuƙi ya jawo. Mun sayar da ita da asara mai ciwo.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi a wurina. 'Yata tana da asma, kuma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Na san sababbin injina sun fi na da tsabta nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makarantar firamare da sanyin safiya, motoci a jere injina suna aiki, ya san ƙananan yara ne suke daidai tsayin salansa. Ka tambayi kanka, Malam, wa zai riƙe makullin nan bayan shekara biyu.

Bakanike, Birmingham

Abin da Hajiya ta bayyana shi ne aikin da ya fi shigowa garejinmu daga masu dizal. Matatar nan, wadda ake kira DPF, tana tara baƙin toka daga hayaƙi, kuma motar tana ƙone tokar da kanta idan salansa ya kai zafin kusan digiri 600. Domin ta kai wannan zafin tana buƙatar gudu ba tsayawa na kamar minti 15 zuwa 20 a saman mil 40 a awa. Fankar da Hajiya ta ji da warin nan alama ce cewa an kashe mota tana tsakiyar ƙonawa. Idan hakan ya yawaita, ƙarin man da injin yake fesawa domin ƙonawar yana gangarawa cikin baƙin mai, sai ka zaro ma'aunin ka ga man ya haura layi maimakon ya ragu, kuma wannan yana cin inji a hankali.

Ga mai bin M62 kullum wannan ba matsala ba ce, domin motar za ta yi ƙonawarta bai ma sani ba. Ko da maiɗakinka za ta riƙa zagaye da ita cikin gari a ƙarshen mako, tafiyarka ta sauran ranaku ta wadatar. Abin da za ka saba da shi shi ne AdBlue, ruwan yuriya da ake zubawa a ƙaramin tanki kusa da na mai domin rage iskar da ke cutar da huhu. Ba shi da tsada, motar kuma tana gargaɗi tun da sauran nisa, amma idan ya ƙare ƙaf ka kashe inji ba zai sake tashi ba sai an zuba. Famfonsa da na'urorin da ke auna hayaƙi su ne suke da tsadar gyara bayan garanti ya ƙare.

Gargaɗi ɗaya ga kowa: za ku ji masu cewa a cire matatar a huta. Tun 2014 ake duba ta a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, an ƙara tsanantawa a 2018, kuma tuƙa motar da aka cire mata laifi ne da tararsa take kaiwa fam 1,000, ban da cewa kamfanin inshora yana iya ƙin biyanka idan an yi hatsari.

Direban haya, Landan

Batun kuɗin shiga gari abokan aikinka sun haɗa shi ne da tsofaffin motoci. Dokar rage hayaƙi ta ULEZ, wadda ta game dukan unguwannin Landan tun watan Agustan 2023, tana karɓar fam 12.50 a rana daga dizal da bai kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba, Birmingham kuma fam 8 tun 2021. Kowace sabuwar dizal ta cika wannan sharaɗi, don haka za ka ziyarci danginka ba tare da biyan wannan kuɗin ba. Abin da ba wanda zai iya yi maka alkawari shi ne sharaɗin zai zauna haka.

Ni na bar dizal ne ba da son raina ba, domin tun farkon 2023 hukumar sufurin Landan ba ta ba motar haya sabon lasisi sai mai iya tafiya da lantarki. Na koma mai haɗa batir da fetur. A cunkoson cikin gari ta fi tsohuwar dizal ɗina sauƙin mai ƙwarai, amma duk ranar da na ɗauki fasinja zuwa arewa a kan M1, batirin ya ƙare, sai in tuna da wagon ɗina. Ka kuma sani cewa mu direbobin haya muna cikin manyan masu sayen irin wannan mota ta hannu, kuma a Landan mun fita daga wannan kasuwar.

Mai lissafi, Sheffield

Yaya, kowa ya yi magana a kan dizal, ni kuwa kalmar “sabuwa” ce ta fi damuna. Mu ɗauka dizal za ta ba ka mil 55 a galan, ta fetur mai girmanta kuma mil 43. A mil 18,000 bambancin ya kai lita 400 da 'yan kai a shekara, amma da yake litar dizal ta fi ta fetur tsada a nan, abin da zai rage a aljihunka ba zai wuce fam 500 ba. Idan dilan ya ɗora fam 2,000 a kan mai dizal, sai ka yi shekara huɗu kafin ka mayar da kuɗinka. Riba ce, amma ƙarama ce idan aka gwada ta da abin da sabuwar mota take zubarwa na daraja a shekaru ukun farko, musamman mai cin mil irin taka.

Ka kuma duba farashin da kamfani ya rubuta, domin idan ya haura fam 40,000, har da ƙarin kayan da ka zaɓa, akwai ƙarin haraji na sama da fam 400 a kowace shekara har tsawon shekara biyar, kuma ragin da dila ya yi maka ba ya fitar da kai daga ciki.

Sai abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Mafi yawan sababbin motoci a nan da tsarin biya wata-wata da ake kira PCP ake ɗaukarsu, wanda yawanci da kuɗin ruwa yake, yana kuma ƙayyade mil ɗin da za ka yi a shekara, a caje ka a kan kowane mil da ka ƙara. Lokacin da na zo saye na guje masa saboda riba, na nemi wagon mai shekara biyu na biya kuɗi hannu, da sauran garanti a kanta, kuma har yau ban yi nadama ba.

Dattijon Bradford

Lissafin ƙanena daidai ne, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Dizal ta hannu ba ka san wanda ya riƙe ta ba. Mai shekara biyu da ƙaramin mil, wadda take burge mai saye, ita ce sau da yawa ta sha irin zagayen da Hajiya ta bayyana. Idan za ka bi wannan shawara, ka nemi wadda kamfani ya ba ma'aikacinsa yana dogon zango da ita, mai cikakkiyar takardar sabis, ko da mil ɗinta ya fi yawa.

Ɗan'uwa a Stuttgart

A Jamus lissafin ya bambanta, kada wani ya ɗauki labarinmu ya auna da naku. Harajin litar dizal a nan ya gaza na fetur, harajin shekara na motar ne ya fi yawa, shi ya sa har yanzu wagon mai dizal ta cika manyan hanyoyinmu. Sai dai garin da nake ya hana tsofaffin dizal shiga tun 2019, kuma na ga maƙwabta sun sayar da motoci masu lafiya a wulaƙance. Su ma lokacin da suka saya, motocin sun cika kowane sharaɗi.

Malamin gareji, Kaduna

Ranka ya daɗe, ka cire batun turo ta gida daga lissafinka gaba ɗaya. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda a shigo da irinta ba. Ko da an juya sitiyarin, gas a nan ya fi fetur tsada, ba kowane gidan mai ne za ka amince da tsabtar nasa ba, nozul ɗin sababbin injinan nan kuma ba ya jure gurɓataccen mai. AdBlue sai an sha nema. Masu dizal na zamani da suke shigowa wurinmu yawanci a kan cire matata da sake saita kwamfutar motar ake ƙarewa. Mutanenmu suna son wagon tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a nan Kaduna, amma idan ta gida kake so, ka sayi mai fetur daban.

Baban Yara, Leeds

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Batun turawa gida na ajiye shi. Mun zauna da maiɗakina a kan tambayar Hajiya, mun yanke cewa ƙaramar motar fetur za ta zauna a hannunta domin makaranta da cefane, wagon kuma ta tsaya a kan tafiyar Manchester da ta Landan. Na tambayi shugabana a wurin aiki, ya ce babu shirin mayar da sashenmu aiki daga gida, ko da yake bai ba ni wannan a rubuce ba.

Ranar Asabar zan je duba guda biyu masu shekara biyu waɗanda kamfanoni suka mayar, zan kuma nemi dilan sabuwar ya rubuta mini farashinta na kuɗi hannu domin in gwada. Malam Bakanike, idan na sa na'ura a jikin ta hannu, wane adadi zan nema a nuna mini game da tokar da ta taru a matatar, kuma daga nawa ne za ka ce in bar ta?