Ƙuri'a Tsakanin Ƙauyuka: Adalci Ne Ko Zalunci?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maganata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Duk shirin tallafin da ba a auna shi da ƙuri'a ba, babu wanda ya isa ya ce ya yi amfani, ƙuri'a kaɗai ce hujja. Abin da nake nufi: a tara sunayen ƙauyukan da halinsu ya yi kama, a jefa ƙuri'a, wasu su samu tallafin yanzu, wasu su jira, bayan wani lokaci a gwada waɗannan da waɗancan. Haka Meziko ta yi da shirin Progresa, na ba iyalai matalauta tallafin kuɗi, da ta fara a 1997. Ƙauyuka 506 aka ɗauka, 320 suka fara karɓar kuɗi, 186 suka jira. Da aka ga bambanci wajen zuwan yara makaranta da lafiyarsu, ko da gwamnati ta sauya a 2000 shirin bai mutu ba.

Hajiya ungozoma: Wa alaikumus salam. Malam, kana faɗin "wasu su jira" kamar layin awo ne. Ni na riƙe igiyar awon damtse, na ɗaura wa yaro, na ga ta tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Uwarsa na kallona, zanin goyon a hannunta. Ka ce in gaya mata ƙauyenku ƙuri'a ba ta faɗa masa ba, ki dawo baɗi? Ɗan mutum ba gonar gwaji ba ne.

Malamin makaranta: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan aikin da kike yi. Amma in tambaye ki, akwai shirin da kuɗinsa ya taɓa isar kowa rana ɗaya? Dole wasu su riga wasu. In ba ƙuri'a ba, wa zai zaɓa? Ɗan siyasa ne zai kai mazaɓarsa, ko direba ya tsaya inda kwalta ta ƙare. Ƙauyen da ke bayan rafi ba ya da mai magana da yawunsa. A ƙuri'a kaɗai yake daidai da garin hakimi.

Baba tsohon malamin gona: Ku bari in sa baki, shekaru na yi ina wannan aikin da taki da iri. Manomi ya zuba taki bana, damina ta yi kyau, rumbu ya cika. Takin ne ko ruwan? Ba zai sani ba sai in ya bar wasu kunyoyi babu taki, a gona ɗaya, ƙarƙashin ruwa ɗaya. Mu kan kafa turke, mu ɗaura tsumma a kai, ranar girbi mu auna damin kowane ɓangare daban. Wannan ɗan gefen da aka bari shi ne mai gaya maka gaskiya. Yawancin rahotannin da nake ji a rediyo "kafin mu zo" da "bayan mun zo" ne kawai. Wannan ba awo ba ne, don duniya ba ta tsaya tana jiran shirinka ba.

Ɗan jami'a: Baba ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ku tuna ƙauyukan Millennium, shirin yaƙi da talauci da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta a wasu ƙasashen Afirka, har da Pampaida a ƙaramar hukumar Ikara ta Kaduna. An zuba taki, gidan sauro, asibiti, makaranta, amma ba a zaɓi wuraren da ƙuri'a ba. A 2010 masu bincike Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka nuna cewa wasu nasarorin da ake lissafawa, kamar yawaitar wayar salula, suna faruwa a sauran yankunan ƙasashen ma inda shirin bai je ba. A 2012 kuma sai da aka gyara wani iƙirarin shirin kan raguwar mutuwar yara da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet. Wataƙila shirin ya taimaki mutane sosai. Abin baƙin cikin shi ne an kashe dukiya mai yawa, kuma auna gwargwadon taimakon ya zama da wuya.

Hajiya ungozoma: Na ji wannan. Amma duk misalanku na masu takarda ne.

Ɗan jami'a: To Hajiya, ga na gida. Shirin tallafin renon yara da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin Birtaniya a Jigawa da Zamfara: Buji, Gagarawa, Kiri Kasamma, Anka da Tsafe. A lokacin, mai ciki tana karɓar naira 3,500 duk wata har yaron ya shekara biyu, ana haɗa mata da faɗakarwa kan shayarwa da abinci. Ƙauyuka 210 aka raba da ƙuri'a, kuma waɗanda ba su fara ba an shigar da su daga baya. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100 bayan shekara 4. Kin san abin da ake cewa a majalisar hira, wai in an ba mace kuɗi miji ne zai karɓe, ko su tafi a anko. Da wane baki za ki rufe wannan zancen in ba da awo irin wannan ba?

Hajiya ungozoma: Ɗana, ban ƙi ba. Sai dai ka yi tunanin yaron da aka haifa a ƙauyen jira a shekarar farko. Kwana 1,000 na farkon rayuwa su ne ake ta yi mana wa'azi a kansu, tsayin da ya kuɓuce a lokacin da wuya ya dawo. Kuɗin ya zo daga baya, amma ya zo wa ƙaninsa ne. Kuma akwai abin da alƙalumanku ba sa gani. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauyen, ta yi wankan jego a can. Wadda ta karɓi kuɗi ba ta cin tuwo ita kaɗai, kwano na tsallaka katanga. Abin da aka koya mata kan nono kuwa, ranar kasuwa ya isa ƙauye uku. To ina tsabtataccen gefen da Baba yake magana?

Malamin makaranta: Wannan gaskiya ce, kuma masu binciken sun san da ita. Shi ya sa ake jefa ƙuri'ar a kan ƙauye gaba ɗaya, ba gida gida ba. A Busiya ta Kenya, masu bincike Michael Kremer da Edward Miguel sun bibiyi maganin tsutsar ciki da aka ba da a makarantu 75 daki daki, suka ga fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har yaran da ba su sha ba a kusa sun amfana. In alheri ya tsallaka zuwa ƙauyen jira, bambancin da za a gani raguwa yake yi. Wato amfanin ya fi abin da aka rubuta.

Ɗan jami'a: Amma Malam, a nan zan rabu da kai. Ka ce ƙuri'a kaɗai. Cire tallafin man fetur a 2023 fa, wace jiha za ka bari da tsohon farashi don gwaji? Irin wannan sai wata dabara. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger sun kwatanta gidajen abinci a jihar New Jersey ta Amurka da maƙwabciyarta Pennsylvania lokacin da ta farkon ta ƙara mafi ƙarancin albashi a 1992, suka duba yadda yawan ma'aikata ya sauya a kowanne. Akwai kuma duba waɗanda suka tsallake makin shiga shiri da kyar, da waɗanda suka faɗi da kyar, tun da kusan halinsu ɗaya. Masanin tattalin arziki Angus Deaton ma ya daɗe yana gargaɗi cewa abin da ya yi aiki a wani wuri ba lalle ya yi a wani ba. Sakamakon Gagarawa ba hujja ba ne a kan Fagge.

Malamin makaranta: Na janye kalmar "kaɗai". Ban janye cewa dole a sami abin kwatantawa ba.

Hajiya ungozoma: Ni kuma ga sharaɗina. Wasu sun taɓa zuwa garinmu da allon awon tsayi da sikeli, ni na tara musu mata a ƙofar gidan mai unguwa tun hantsi har la'asar. Suka cika takardunsu suka tafi, har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gano, kuma ni matan suke tsarewa da tambaya. In za a jefa ƙuri'a, a jefa ta a bainar jama'a gaban dagatai, a faɗi watan da na jira za su shiga, kuma duk yaron da igiya ta nuna ja a tura shi asibiti ranar, ko ƙauyensa na wane ɓangare ne. Malam, a shirye shiryen da ka karanta, nawa ne suka koma suka karanta wa mutanen sakamakon da Hausa?