Rinin Kofar Mata yana zuba, me zan yi?

Maman Twins: Salam 'yan uwa, don Allah na sayi yadi mai rinin baba a marinar Kofar Mata, na wanke sau daya ruwan ya koma shudi gaba daya, ko dai an cuce ni ne?

Dan Dala: Haba Hajiya ba cuta ba ce, baban asali ai dole ya zuba a wankin farko, ni har wuyana yake shafa in na yi zufa. Ki dinga wanke shi shi kadai da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa.

Anti Jummai: Kar ki sa omo! Kuma in kina son kyallin ya dawo ki kai wa masu bugu, guga ba zai yi miki ba.

Maman Twins: Kash, omon na riga na zuba wallahi.